Ƙwan yumɓu da piyano: nazari a kan kiɗan « The Plum Blossom » na Yusef Lateef

0. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta kauce wa irin ayyukan da muka saba kawowa a waɗannan takardu na sashe, saboda haka ya kamata mu fara da bayyana yadda aka yi malamin harshe ya tsoma baki cikin sha'anin makaɗa. A ranin 2013 muna aikin tattara kalmomin kiwo da na ban ruwan dabbobi a jahar Difa, tsakanin ƙauyukan bakin Komadugu da rijiyoyin da ke arewa da su. Aikin ya kai mu Sayam Forage, mai nisan kilomita 40 da ɗoriya daga garin Difa, inda gwamnati take da garken shanun kuri. Wurin ya dace da mai binciken cuɗanyar harsuna, domin a bakin komi ɗaya ana jin Fillanci da Barbarci da Larabci da Hausa, kuma sunan wurin ma rabinsa na ƙasa ne, rabinsa Faransanci, wanda bakin jama'a ya riga ya lanƙwasa ya mayar « foraji ».

Wata rana da almuru, bayan an gama ban ruwa, muka kunna wa abokan hirarmu wani kiɗa da ke cikin wayarmu, don dai a rage dare. Kiɗan shi ne « The Plum Blossom », wanda Ba'amurke baƙar fata Yusef Lateef ya ɗauka a 1961. Wani saurayi ya ce ai wannan kiɗan fim ɗin Cana ne, na lokacin da malamin faɗa yake zaune shi kaɗai a kan dutse. Wani dattijo Bafillace kuwa, wanda ya yi busar sarewa a ƙuruciyarsa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye mu abin da busar take cewa. Muka ce masa ba ta cewa kome. Bai yarda ba, ya sa muka sake kunnawa har sau biyu.

Waɗannan amsoshi biyu su ne asalin wannan nazari. Abin da muke son nunawa shi ne, a cikin wannan kiɗa an juya tsarin aro da aka saba gani: maimakon a tilasta wa kayan busar da aka aro bin dokar piyano, sai aka tilasta wa piyano da sauran makaɗa bin iyakar kayan aron, ko da yake, kamar yadda za mu gani, juyin bai kai ƙarshe ba. Batun ya shafe mu ta hanyoyi biyu. Na farko, mai kiɗan ya zauna a Zariya shekara 4 yana nazarin kiɗan Hausa da Fulani. Na biyu, matsalar da ya warware a 1961 ita ce ke gaban duk wani makaɗin Nijar da yake son haɗa gurmi ko algaita da kayan kiɗan zamani.

1. Kalmar « fusion » da lokacin da take nufi

A littattafan tarihin jaz, idan aka ce « fusion » yawanci ana nufin haɗin jaz da rok da kayan kiɗa masu aiki da lantarki, kuma akan fara lissafi daga faifan Miles Davis mai suna « In a Silent Way », wanda aka ɗauka a watan Fabrairu na 1969, da « Bitches Brew » da ya biyo shi a 1970, sannan ƙungiyoyi irin su Weather Report da faifan « Head Hunters » na Herbie Hancock a 1973. Idan aka bi wannan ma'ana, kiɗan da muke magana a kansa ba ya ciki, tunda babu lantarki a cikinsa, babu kuma dukan gangar rok.

To amma akwai wani reshe na haɗi da ya girmi wannan da fiye da shekara 10, wato haɗin jaz da kiɗan ƙasashen Larabawa da Asiya da Afirka. A nan ne ake samun faya-fayan Lateef na 1957, da « Jazz Sahara » na Ahmed Abdul-Malik a 1958, da « Uhuru Afrika » na Randy Weston a 1960, da « India » na John Coltrane a 1961. Rassan biyu ma sun taɓa zama inuwa ɗaya: Joe Zawinul, wanda ya tsara kiɗan « In a Silent Way » kuma ya kafa Weather Report tare da Wayne Shorter, shi ne mai piyano a ƙungiyar Cannonball Adderley lokacin da Lateef ya shige ta a 1962. Wanda ya saurari yadda « In a Silent Way » yake shimfiɗa ɗan gajeren rauji a kan sauti ɗaya da ba ya motsi zai gane cewa wannan dabara ta riga lantarki zuwa.

Wace kalmar Hausa za mu sa? Ma'anar « fusion » ta asali narkewa ce, irin ta ƙarfe biyu a maƙera, inda ba a iya sake raba su. « Gamin gambiza » tana ɗauke da raini, « gauraye » kuma ba ta nuna niyya. Mun zaɓi « haɗi », domin a Hausa mai haɗin magani da mai haɗin shayi duk sun san abin da suka zuba da yawan da suka zuba, kuma ana iya tambayar su wane ne gindi, wane ne ƙari. Wannan tambaya ita za mu yi wa kiɗan.

2. Mai kiɗan

An haifi Lateef a Chattanooga ranar 9 ga Oktoba 1920, ya tashi a Detroit, birnin masana'antun mota, ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013, ƴan watanni bayan waccan hira tamu ta Sayam. Da saksofon ya fara, har ya yi aiki da ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949. A wajen wannan lokaci ne ya musulunta ya ɗauki sunan da aka san shi da shi. Daga baya ya koyi sarewar Turawa da obo, wanda Faransawa ke kira hautbois, kayan busa mai beli biyu da ke dangi ɗaya da algaitarmu. Ya kuma shiga neman kayan kiɗan da ba a saba ji a jaz ba. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, wani Basiriye da suka yi aiki tare a masana'antar Chrysler shi ya ƙera masa « rabat », wanda mai kwantarbas Ernie Farrow ya riƙa kaɗawa a faya-fayansa. A wani faifai na 1957 har da kwalbar lemo da balan-balan ya yi amfani.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da shi. Ya ƙi kalmar jaz, yana ganin ta ƙasƙantar da kiɗan, ya ƙirƙiro wata doguwar kalma ta kansa mai nufin kiɗan da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yin sa. Sannan alaƙarsa da Nijeriya ta riga zamansa a Zariya da shekara 20: ya yi busa a « Uhuru Afrika », ya yi aiki da makaɗin ganga Babatunde Olatunji, ya kuma fito a « The African Beat » na Art Blakey a 1962.

3. Yadda kiɗan yake

An ɗauki « The Plum Blossom » ranar 5 ga Satumba 1961 a situdiyon Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs, kuma shi ne ya buɗe faifan « Eastern Sounds » na kamfanin Moodsville, reshen Prestige. Mutum 4 ne: Lateef, da Barry Harris a piyano, da Ernie Farrow, da Lex Humphries a kayan duka. Tsawonsa kimanin minti 5. Sunan yana nufin furen wani itace da ke fure a ƙasar Sin a ƙarshen hunturu, tun bai yi ganye ba, wanda Sinawa suka ɗauka alamar juriya. Mafi kusa da shi a tunaninmu shi ne gawo, mai ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe.

Abin busar da Lateef ya riƙe a nan shi ne « xun », wanda ake furtawa kusa da « shun ». Ɗan ƙoƙo ne na yumɓu gasasshe mai siffar ƙwai, da baki a sama da ƴan huji a jiki, kuma yana cikin tsofaffin kayan busar ƙasar Sin, shekarunsa dubbai ne. Lateef ya karanta labarinsa ne a littafi, ya bi unguwar Sinawa ta New York yana nema har ya samu. Wanda ya samu ɗin sauti 5 kawai yake bayarwa. Mai karatu ya kwatanta wannan da saksofon, wanda ke ba da sauti sama da 30, kuma a hannun ɗan bibop irin Lateef ana iya zuba su kamar ruwan sama. Mutumin da ya yi shekara 20 yana koyon gudu a kan saksofon shi ne ya buɗe faifansa da abin da ba ya iya gudu.

Kiɗan yana farawa da rabat, wanda Farrow yake tsinka da yatsa, yana maimaita ƴar gajeriyar jimla ɗaya ba canji, da ɗan kaɗe-kaɗe mai sauƙi a bayansa. Wannan maimaici shi ne daɓen da aka gina kome a kai, kuma kunnen da ya saba da garaya ko gurmi ba zai ji shi baƙo ba. Daga nan busar ta shigo, ƙasa-ƙasa, da rauji mai hawa taki biyu ko uku ya sauko, ya tsaya, ya sake komawa. Abin da ya fi jan kunne shi ne iska. A busar Turawa ta makaranta ana koya wa ɗalibi ya ɓoye ƙarar numfashinsa, a bar sauti tsantsa. A nan kusan rabin abin da ake ji numfashi ne, yana shafar bakin yumɓun, kuma sautin yana ɗan karkacewa sama ko ƙasa gwargwadon yadda leɓe ya jingina. Wannan shi ne ya sa dattijon Sayam ya tsaya: sarewar makiyaya, mai huji 4, wadda ake busawa a karkace, ita ma da iskarta ake jin ta, kuma gwaninta yana cikin yadda ake lanƙwasa ƴan sautukan da ke akwai.

Da yake sautukan kaɗan ne, Lateef ba shi da damar yin abin da ɗan jaz yake yi, wato bin sauye-sauyen jituwar sauti yana ƙirƙiro sababbin jimloli a kan kowace. Abin da ya rage masa shi ne tsawon sauti da gajartarsa, da wurin da zai shigo, da wurin da zai yi shiru, da nauyin numfashi. Malamin harshe zai ce an rage masa ƙwayoyin sauti, an bar masa tsayi da kari. Harshen Hausa ma da wasula 5 da karin sauti biyu, na sama da na ƙasa, da faɗuwa da ke haɗa su, yake bambanta dubban kalmomi, don haka ƙarancin kaya bai taɓa zama dalilin ƙarancin magana ba. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya yi shekara fiye da 40 yana riƙe da jama'a.

Sai piyano. Wannan shi ne wurin da ya kamata a saurara da kyau. Barry Harris yana cikin manyan magada Bud Powell da Charlie Parker, mutum ne mai yawan sauti a yatsu, kuma har ya rasu a 2021 koyar da dokokin bibop yake yi. A nan sai ga shi yana taka-tsantsan, yana taɓa sauti kaɗan, yana barin fili tsakanin jimla da jimla, yana zagaye wurin da busar ta riga ta shata. Ya shigo kamar baƙon da ya tarar ana magana a hankali, ya sassauta murya. To sai dai ba ya daɗewa harshensa na gado yake fitowa: ga ɗan lanƙwasar buluz nan, ga ƴar jimlar da ba za ta fito daga ƙwan yumɓu ba ko an kwana ana busawa. Bayan ya gama, busar ta dawo da raujinta na farko, kiɗan ya lafa kamar yadda ya tashi.

A ganinmu wannan sashe na piyano shi ne mafi kyau a kiɗan, kuma shi ne inda rauninsa yake. Kyansa shi ne ladabin da aka nuna. Rauninsa shi ne yana tuna wa mai sauraro cewa akwai gida da za a koma, cewa busar yumɓu ziyara ce. Sauran faifan ya tabbatar da haka, domin a cikinsa akwai kiɗan soyayya na fina-finan Hollywood har biyu, na « Spartacus » da na « The Robe », kuma na « Spartacus » ɗin, wanda aka busa da obo, shi ne ya fi shahara.

4. Wane ne gindi, wane ne ƙari

Bari mu koma fagenmu. Tun daga Haugen a 1950 da Weinreich a 1953 an san cewa kalmar aro takan bi tsarin sautin harshen da ya are ta. Yankin da muke aiki cike yake da misalai. Greenberg ya nuna a 1960 cewa « karatu » da « rubutu » da « kasuwa » ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa, kuma yau babu Bahaushen da yake jin su baƙi. « Algaita » ta shigo da harafin Larabci na « al » manne a jikinta, kamar « albasa » da « allura », har an manta cewa abu biyu ne. « Foraji » ta samu wasalin ƙarshe domin sunan Hausa ba ya son ƙarewa da baƙi. A duk waɗannan, mai aro shi ne mai iko, abin aro shi ke sunkuyawa.

A kiɗa ma haka aka saba. Piyano ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12 daidai wa daida, kuma duk abin da aka kawo kusa da shi sai an gyara masa murya ya faɗa cikin waɗannan gidaje. Abin da bai shiga ba a ce ya kauce. Wannan ita ce hausantarwar kiɗa, idan an yarda mu ari kalmar, sai dai nan Turai ce take yi wa saura. Mafi yawan abin da aka kira kiɗan Gabas a Amurka da Faransa kafin Lateef irin wannan ne: a ɗauko ɗan rauji mai ƙamshin Masar ko Sin a ɗora shi a kan jituwar Turai, kamar yadda ake ɗora kalmar aro a kan ginin jimlar da bai canza ba.

Myers-Scotton, a littafinta na 1993 a kan surka harsuna cikin zance ɗaya, ta bambanta harshen da ke ba da ƙashin jimla da wanda ake tsofa kalmominsa a ciki. Idan muka yi wannan tambaya ga « The Plum Blossom », amsar tana canzawa a tsakiyar kiɗan. A farko da ƙarshe, ƙashin na busar yumɓu ne da rabat: su suka yanke yawan sauti, su suka hana jituwa motsi, su suka sa ganga ta yi ƙasa da murya. Piyano shi ne aka tsofa. A tsakiya kuwa, ƙashin ya koma hannun jaz. Tsarin gabaɗaya ma, wato a faɗi rauji, a ba wani fili ya yi nasa, a dawo kan rauji, tsarin jaz ne tsantsa. Ke nan abin da muke da shi ya fi kama da mai harshe biyu da ya fara magana da harshen baƙonsa don girmamawa, ya zame cikin nasa da zance ya yi daɗi, sannan ya dawo ya yi sallama da na baƙon.

Dole mu faɗi wani abu a kan kalmar « Gabas » da ke sunan faifan. Ƙwan yumɓu na Sin ne, rabat na Larabawa ne, kuma babu wata ƙasa da ake kaɗa su tare. Sunan rabat ɗin ma kuskuren rubutu ne na « rabab », wanda a ƙasashen Larabawa da dama goga shi ake yi kamar goge da kukuma. Wannan Gabas ce ta bangon faifai, irin wadda Edward Said ya yi wa tankaɗe da rairaya a 1978, kuma saurayin Sayam da ya ce kiɗan fim ɗin Cana ne bai yi kuskure sosai ba, ya ji abin da bangon yake sayarwa. Amma muna ganin laifin ya fi yawa a suna fiye da a kiɗan. Lateef bai yi da'awar yana busa kiɗan Sin ba. Raujin nasa ne. Abin da ya aro daga Sin shi ne iyaka, kuma aron iyaka ya sha bamban da aron ado.

Tambayar dattijon kuma tana da tushe mai ƙarfi. A ƙasar Hausa da Borno kayan kiɗa magana suke yi. Kalangu yana bin hawa da saukar karin sauti har a gane sunan wanda ake kira, algaita da kakaki suna faɗin taken sarki, kuma Ames da King, a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, sun kawo take iri-iri tare da kalmomin da ke ƙarƙashinsu. Kunnen da ya tashi a nan, idan ya ji rauji mai sauti kaɗan yana hawa yana sauka da tsayin jimlar magana, dole ya nemi kalmomin. Ba shi kaɗai ya neme su ba. A 1966 wani saurayi a Ingila, Cat Stevens, ya ɗora kalmomi a kan wannan rauji ya fitar da waƙarsa ta farko, « I Love My Dog », wadda take magana a kan ƙaunar da yake yi wa karensa. Daga baya, bayan ya musulunta ya zama Yusuf Islam, ya amsa cewa daga Lateef ya ɗauko, ya kuma biya shi haƙƙinsa. Wannan labari ba mu ba dattijon ba.

5. Zariya

Daga 1981 zuwa 1985 Lateef yana babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, da digirinsa na dokta a fannin ilimi wanda ya samu a Jami'ar Massachusetts a 1975. A can ya yi nazarin sarewar Fulani, kuma shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa wanda ya fito a 1987. A watan Yuli na 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan Nijeriya, wanda kamfanin Landmark ya fitar a 1985 da sunan « In Nigeria ».

Abin da ya sa muka kawo wannan faifai shi ne abin da aka cire daga cikinsa. Babu piyano. Busa ce da ganguna da muryoyi. Wato gidan da Barry Harris yake tsaron ƙofarsa a 1961 an rufe shi, babu jituwar Turai da za a koma. Wannan shi ne ƙarshen hanyar da « The Plum Blossom » ya buɗe, ko da yake ba mu ce ya fi shi daɗin ji ba. Faifan Legas aikin mai bincike ne, kuma a wurare da dama an fi jin mutum yana koyo a gaban malamansa. Na 1961 ya fi shi kamala, wataƙila domin ja-in-jar da ke tsakanin yumɓu da piyano ita ce take riƙe da kunne.

Faifan ya buɗe da « Mu Omi », wato « sha ruwa » da Yarbanci, ya rufe da wani kiɗa da aka rubuta sunansa « Ruwa Maizurufi ». Kowane ɗalibinmu zai gane « ruwa mai zurfi » ne. An haɗe « mai » da abin da ke biye, sannan an saƙala wasali tsakanin r da f. Hausa ta yarda gaɓa ta ƙare da r, kamar a « sarki » da « ƙarfe », amma kunnen baƙo yakan ji ɗan guntun wasali a lokacin da harshe yake sakin wannan baƙi, sai hannu ya rubuta shi. Abin da muka yi wa « forage » shi aka yi wa « zurfi ».

6. Komawa Komadugu

A watan Disamba na 2014 aka buɗe sansanin ƴan gudun hijira a Sayam Forage, don mutanen da suka tsero daga Borno, kuma daga Fabrairu 2015, bayan harin Boso da Difa, aka sa dokar ta-ɓaci a jahar. An kwashe mazauna tsibiran tafkin Cadi a wannan shekara. Wannan ya shafi batunmu kai tsaye, domin waɗannan tsibirai su ne gidan biram, abin kiɗan Buduma mai siffar kwale-kwale da tsirkiya 5. Malam Mamman Barka, Batube ɗan Taskar wanda ya yi suna da gurmi, ya je wurin Bukar Tar a 2002 da tallafin UNESCO ya koyi biram. Bukar Tar ya rasu a 2006, Barka kuma a 2018.

Faifan da Barka ya fitar a 2009 tare da makaɗi Umaru Adamu ya bi hanyar da muke yabawa a nan: biram ce gindi, duma da kalangu da ƙwarya suna biye da ita, ba a kawo abin da zai gyara mata murya ba. Ƙungiyar Mamar Kassey, wadda Yakuba Mumuni ya kafa a Yamai a 1995, ta ɗauki hanya mafi wuya, ta haɗa sarewa da molo da gita da bas na lantarki, kuma inda ta yi nasara shi ne inda bas ɗin ya koyi tafiyar molo. Akasin wannan shi ne abin da ya mamaye waƙoƙin fina-finan Hausa da na biki tun shekarun 1990, inda piyanon lantarki na Yamaha yake kwaikwayon kalangu da algaita da sarewa duka, kowanne an daidaita shi a gidajen nan 12. Ba mu raina wannan kiɗa ba, jama'a suna son sa, kuma ya ciyar da mutane da yawa. Amma algaitar da ke cikin akwatin Yamaha ba ta iya faɗin take, domin lanƙwasar da take ɗauke da karin maganar ita ce aka goge.

Abin da muke ba ɗaliban cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai shawara, da namu ɗaliban masu nazarin waƙa, shi ne su yi gwaji mai sauƙi. A samu mai sarewa ko mai algaita daga Mainé ko Gudumariya, a ɗauki sautukan da abin busarsa yake bayarwa yadda suke, a auna su, sannan a nemi mai gita ko mai bas ya ɗaure tsirkiyarsa a kansu, ya kuma yarda ba zai taɓa sautin da busar ba ta da shi ba har tsawon minti 5. Faya-fayan da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a Nijar a farkon shekarun 1960 don kamfanin Ocora suna nan, za su ba da ma'aunin yadda waɗannan sautuka suke kafin zuwan Yamaha.